Taya, Kwalta da Ruwan Farko

Da zarar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, iska ta fara kwasar ƙura da leda tana watsa wa mutane a fuska, sai ka ga duk wanda ke kan babur ya ƙara wuta. Ɗan kasuwa mai komawa gida, malamin makaranta da ya goyo 'ya'yansa biyu, ɗan acaɓa da fasinjansa, kowa so yake ya riga ruwa isa. Ba wanda zai ga laifin mutum don ya ƙi jiƙewa. Abin da ke damuna shi ne lokacin da wannan gudu ke faɗowa a kai. Ɗigon farko yana sauka ne daidai sa'ad da kowa ya fi sauri, kuma a daidai wannan lokaci ne kwalta ta fi santsi.

Mutane da dama sun ɗauka ruwa mai ƙarfi shi ne abin tsoro, yayyafi kuwa ba a bakin komai yake ba. Waɗanda suka daɗe a kan babur ba haka suka sani ba. A Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, kwalta takan yi wata shida zuwa bakwai ba ta ga ruwa ba. Duk tsawon wannan lokaci baƙin mai yana ɗiga daga tsofaffin injina, man gas yana tsiyaya daga tankunan manyan motoci, tayoyi suna barin garin roba, ƙurar hunturu kuma tana kwanciya a kai tana cike 'yan ramukan da ke tsakanin tsakuwa. Yayyafi ba ya wanke wannan datti, kwaɓa shi yake yi. Mai ya taso sama, ƙura ta jiƙe, a sami wani siririn kwaɓi mai yauƙi wanda ido ba ya gani sosai. Sai an ɗan jima ana zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya kafin ya kwashe shi ya kai kwata. Ko a tsakiyar damina, in aka yi mako ba ruwa, dattin yakan sake taruwa gwargwado. Shi ya sa wanda ya raɓe a rumfar mai shayi tun ɗigon farko, ya bari ruwa ya yi aikinsa sannan ya tashi, ya fi wanda ya ce bari ya lallaɓa tun bai yi ƙarfi ba samun hanya mai kyau, ko da kuwa lokacin da ya tashi titin ya fi jiƙewa.

Yana da kyau mutum ya tsuguna wata rana ya dubi inda tayar babur ke taɓa ƙasa. Nauyin babur, da na mai tuƙi, da na fasinja, da buhun masarar da aka ɗaure a baya, duk a kan wurare biyu suke zaune, kowanne bai kai tafin hannu ba a siraran tayoyin Boxer da Jincheng da Haojue da suka cika titunanmu. Tashi, tsayawa, shan kwana, kauce wa akuya, duk ta waɗannan wurare biyu ake yin su. Mota tana da huɗu, masu faɗi, kuma in ɗaya ta zame sauran suna riƙe da ita a tsaye. Babur ba shi da wannan rangwame.

Roba tana kama titi ta hanya biyu. Akwai mannewa da take yi a busasshen wuri, fata da fata. Akwai kuma lotsawa da take yi, ta shiga tsakanin ƙananan tsakuwoyin kwalta ta rungume su. Idan ruwa ya shiga tsakani, mannewar nan kusan duk ta tafi, sai lotsawar ta rage. Daga nan mutum zai gane abin da ya sa jiƙaƙƙen titi ba iri ɗaya ba ne. Kwalta mai kaushi, wadda tsakuwarta ke a fili, ko ta jiƙe tana da sauran riƙo mai yawa, fiye da yadda masu fargaba ke zato. Wurin da ya yi sumul kuwa, ba abin da robar za ta runguma. Duk wanda ya taɓa taka jiƙaƙƙen siminti a bakin famfo da silifan da suka suɗe ya san abin a ƙafarsa.

Saboda haka gwanin babur a damina karatun ƙasa yake yi, idonsa yana can gaba yana tantance launi da ƙyalli. Farin fentin da aka ja a tsakiyar titi da na wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa, in ya jiƙe, ba a taka birki a kansa. Haka murfin ƙarfe na kwalbati. Haka inda zafin bazara ya narkar da kwalta ta taso sama ta rufe tsakuwa, motoci suka goge ta har tana sheƙi. Da rani ba wanda ke kula da irin wannan wuri, da damina shi ne ke kayar da mutane. Layin dogo da ya ratsa titi, irin waɗanda ake tsallakawa a Zariya da Kaduna da Kano, ana fuskantarsa ne kai tsaye, babur a miƙe, domin wanda ya zo masa a karkace ƙarfen zai ja tayar gaba ta bi shi. A lungunan da aka shimfiɗa wa bulon intalok, inda inuwa ta yi yawa, gansakuka takan fito a watan Agusta lokacin marka. Ga ɓawon mangwaro, wanda kakarsa ke haɗuwa da ruwan farko. Ga kashin shanu a hanyar kara. Ga leda, wadda in ta jiƙe ta kwanta a kwalta ba ta da maraba da titin a ido.

Wanda ya fi ba ni tsoro a cikinsu shi ne man gas a shataletale. Babbar mota ta cika tanki har baki, ta zo ta sha kwana, man ya fantsalo ta murfi ya zuba a daidai layin da babur zai bi yana kwance. In an yi sa'a za a ga launukan bakan gizo a kan ruwan, wani lokaci ma hanci ne ke fara ji kafin ido ya gani. Haka bakin tasha, da gaban gareji, da inda 'yan bumburutu da masu juyen baƙin mai ke zama. A mahaɗar hanya inda motoci ke tsayawa jiran hannu, tsakiyar layi ne wurin da injina ke ɗiga, don haka mai lura yakan bi sawun tayar mota, dama ko hagu, inda tayoyi suka riga suka share ruwa da mai.

Amma karatun ƙasa rabin aiki ne. Sauran yana hannu da ƙafa, kuma a nan ne nake ganin mun karkatar da yabo inda bai dace ba. Yaron da ke ɗaga ƙafar gaba a ranar biki, ko mai kutsawa tsakanin tirela biyu, shi ake nunawa a ce ya iya babur. Wanda ya iya da gaske ba ya jan ido. Ka hau bayansa ana ruwa, ba za ka ji lokacin da ya canja giya ba, ba za ka ji kanka ya bugi ƙeyarsa ba. Yana sakin kuloci a hankali, yana murɗa totur a hankali, yana rage gudu tun abin da zai tsaya dominsa yana nesa. Kafaɗunsa a sake suke, bai ƙanƙame kan babur ba, don in taya ta ɗan zame ta dawo, hannu mai taushi yakan bar babur ya gyara kansa, mai tauri kuwa sai ya ƙara masa wata fizgar.

Dalilin wannan taushi ɗaya ne. Riƙon da taya ke da shi ƙayyadadde ne, ruwa kuma ya riga ya rage shi. Abin da birki ya ci daga ciki, kwana ba za ta samu ba. Wanda ya shiga kwana da gudu, babur ya kwanta, sannan ya tuna da birki, ya nemi abu biyu a wurin tayar da ɗaya kawai za ta iya bayarwa. Gwani yana gama rage gudunsa tun babur yana tsaye a miƙe, ya sauko giyar da ta dace, ya saki birki, sannan ya shiga kwanar da 'yar wuta daidai wa daida, idonsa a kan mafita, ba a kan kwatar da yake tsoron faɗawa ba. Babur inda ido ya kalla yake bi. Kuma ba ya kwantar da shi sosai. Gara ya faɗaɗa kwanar ya rage sauri.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wata ɗabi'a ta ƙara yawa: sa babur a firi ko kashe inji a gangara don tsimin mai. Na fahimci dalilin, kowa ya san abin da lita ta koma. Amma a jiƙaƙƙen titi inji yana cikin abin da ke riƙe da tayar baya, yana rage gudu a hankali ba tare da ya kulle ta ba. Wanda ya raba inji da taya ya bar wa birki aikin duka.

Sai maganar birkin gaba, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da yawa daga masu babur a wajenmu tsoronsa suke yi. An gaya musu tun suna koyo cewa shi ke kifar da mutum, har za ka ga babur da wayar birkin hannu a sake tana lilo, mai shi bai damu ya ɗaure ba. Tsoron yana da tushe: in tayar baya ta zame, babur yakan yi wutsiya ne, sau da yawa a tare shi, in ta gaba ta zame, kafin ƙiftawar ido mutum yana ƙasa. Sai dai duk lokacin da aka rage gudu nauyi gaba yake komawa, ya danne tayar gaba, ya sassauta ta baya. Shi ya sa masu koyar da tuƙi ke cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. Mai dogara da birkin ƙafa kaɗai yana taka tayar da nauyi ya riga ya bari, ta kulle, ta yi ta jan ƙasa, babur bai tsaya ba. Abin da ke kayarwa shi ne cafkar birkin gaba farat ɗaya, tun nauyi bai iso tayar ba. In aka fara taɓa shi kaɗan, gaban babur ya ɗan dunƙusa, taya ta danne, sannan aka ƙara matsawa, tare da ɗan birkin ƙafa, za a sha mamakin yadda yake tsayawa ko a cikin ruwa. Wannan abu ne da ake koya wa hannu a fili, ranar da ba kowa a gaba, domin ranar da yaro ya faɗo titi hannu abin da ya saba shi zai yi.

A wasu ƙasashe an ɗora wa na'ura wannan aiki. Kamfanin BMW ya fara sa wa babur ABS a 1988, na'urar da ke sakin birki ta sake kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya in ta ji taya za ta kulle. Indiya, inda Boxer da TVS suke fitowa, ta wajabta ta tun Afrilun 2019 a kan sababbin baburan da suka wuce cc 125 da ake sayarwa a can, ƙananan kuma aka ce a haɗa musu birkin gaba da na baya su riƙa kamawa tare. Yawancin waɗanda ke yawo a garuruwanmu ba su da ko ɗaya. Yatsun mai tuƙi su ne na'urar.

Lissafin tazara ma ba ya bin yadda zuciya ke zato. Mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, wato kafin ma hannunsa ya kai ga birki ya wuce tsawon motoci uku. In aka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce a jiƙaƙƙen titi nisan tsayawa yakan ninka na busasshe, ko ma fiye. Ka haɗa wannan da ruwan da ke dukan idon wanda ba shi da hular kwano mai gilashi, ya sunkuyar da kai, ya runtse ido, wani ma ya saki hannu ɗaya yana kare fuska.

Duk wannan gwaninta kuwa tana tsayawa ne inda taya ta tsaya. Ina yawan kallon baburan da ke jere a bakin masallaci ko ƙofar kasuwa. Za ka ga an yi wa kujera sabuwar riga, an liƙa sitika, an ƙara fitilu masu launi, tayar baya kuwa tsakiyarta ta suɗe sumul, wani lokaci har zare ya fara leƙowa. Zanen da ke jikin taya hanyar ruwa ce: taya tana danna ruwan, shi kuma yana bi ta waɗannan kwaruruka ya fice gefe, roba ta sami tsakuwa. In zanen ya cinye, ruwan ba shi da mafita. Wani zai ce ai tayoyin tseren MotoGP ma ba su da zane. Haka ne, a busasshiyar hanya, kuma da wata irin roba mai laushi da ba a sayarwa a kasuwarmu. Masu tseren ma da ruwa ya sauko suke shiga su sauya babur mai tayar zane. Masu ƙera taya sun sa 'yan tudu ƙanana a cikin kwarin zanen, wasu da alamar TWI a gefe, in saman taya ya zo daidai da su to ta gama aiki. A Birtaniya laifi ne hawa babur da ya wuce cc 50 in zurfin zanensa bai kai milimita 1 ba. Akwai kuma lambobi huɗu a gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Roba tana bushewa da shekaru, zafin ranarmu kuma yana gaggauta hakan, ta yi tauri ta daina lotsawa, ko da zanenta yana nan. Wanda zai sayi taya ta hannu ya dubi wannan lamba. Wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa don ta yi kama da sabuwa kuwa, naman da ya rage mata ne aka ƙara ragewa. Sabuwa fil ma tana da nata santsin, sai an lallaɓa ta kilomita 100 na farko ko fiye.

Na san taya ba arha ba ce, kuma ɗan acaɓan da ke kai wa mai babur balas kowace yamma ba shi ne zai ga ta suɗe ya cire nan take ba. Amma in za a sayi taya sau ɗaya a shekara, a saye ta a watan Mayu. Kuma mai babur da ya ba da haya ya san cewa tayar tasa ce, ƙafar da za ta karye ta yaron mutane ce.

A wurin mai faci akwai wata al'ada da ta kamata a duba. Ana gwada iska da babban yatsa ko a ƙwanƙwasa da sifana. Mai ɗaukar kaya yakan ce a cika masa ita tam, sai wurin da ke taɓa ƙasa ya ƙara ƙanƙancewa, babur ya riƙa tsalle. Wani kuma da ya ga hadari sai ya rage iska, wai don ta kama ƙasa. A kwalta wannan ba ya taimakawa: taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa, kwarin zanen ya matse, babur ya riƙa rawa a kwana, ga tub da ke iya tsinkewa a wuya. Adadin da kamfani ya rubuta shi ne daidai, ruwa ko rani. Rage iska kaɗan yana da amfani ne a yashi da taɓo, a tafiyar sannu.

Can kuwa, inda kwalta ta ƙare, karatun daban ne, kuma a nan 'yan acaɓan ƙauye da 'yan kabu-kabun Damagaram da Maraɗi suka fi na birni sani nesa ba kusa ba. Tun da Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta karɓe titunan, amma hanyoyin ƙauye har gobe na babur ne. Abin sha'awa, hanyar rairayi irin ta Jigawa da Daura ruwa gyara ta yake yi. Yashin da ke kama ƙafar gaba da rani yana watsar da mutum, in ya sha ruwa sai ya daddale ya yi daɗin bi. Jar ƙasa mai yumɓu kuwa samanta ke narkewa ƙasanta yana da tauri, babur ya yi ta zamiya. Baƙar lakar fadama, da irin ta gabashin Barno wajen Dikwa da Gamboru, ta fi kowacce: tana cike zanen taya, ta taru tsakanin taya da madigadi har ƙafar ta daina juyawa, sai an sauka an sa itace an ƙwaƙule. A irin wannan wuri ana tafiya ne da giya ta biyu, wuta kaɗan ba yankewa, ƙafafu a shirye, a bi sawun da wani ya riga ya bi. A nan ne kaɗai sauke ƙafa ke da ma'ana. A kwalta, mai jan ƙafa a ƙasa ya bar birkin baya ba mai takawa.

Ruwan da ya kwanta a hanya ba a san abin da ya rufe ba. Rami ne, ko bakin kwatar da ba murfi, ba a ganewa daga sama. Mai hankali yakan tsaya ya ga inda mota ko wani babur ya bi, ya ga iya inda ruwan ya kai masa. Ruwa mai gudu kuwa, irin na gulbin da ya ɗauko daga wani gari ya hau kan hanya, ko bai kai gwiwa ba yana iya ɗauke babur, kuma kowace damina ana rasa mutane a haka. Bayan an tsallake akwai abin da ake mantawa. Yawancin baburanmu birkinsu a rufe yake cikin cibiyar ƙafa, ba irin mai faifai ba, in ruwa ya shiga sai a taka a ji wayam. Ana ɗan dafa shi ana tafiya a hankali har ya bushe, tun kafin a buƙace shi.

Fasinja ma yana da hannu a ciki. Sau nawa ake jin, "Malam, ɗan taka mana, kada ruwan nan ya tare mu." Na taɓa jin wani dattijon ɗan acaɓa ya amsa wa wata mata da cewa, "Hajiya, ki yi haƙuri, kayanki za su bushe." Bai ƙara komai ba, bai kuma ƙara gudu ba. Fasinjan da ya buɗe lema iska ta kama, ko ya karkata waje lokacin da babur ya kwanta ciki, ko ya zabura ya sauke ƙafa don ya ji baya ta ɗan motsa, yana canja nauyin da mai tuƙi ya riga ya lissafa. Ranar ruwa ce ranar da fasinja ke yawa kuma kuɗi ke ƙaruwa, don haka mai babur yana da nasa dalilin sauri. Ba ya buƙatar wani daga baya.

Washegari rana takan fito, titi ya bushe, kowa ya koma gudunsa na da. Amma ruwan jiya ya kwaso yashi daga lunguna da gefen hanya ya zube shi a kan kwalta, kuma inda ya fi zubewa shi ne gindin gangara, bakin mahaɗa da cikin kwana, wuraren da ake taka birki ana kwantar da babur. Siririn yashi a kan busasshiyar kwalta yana mirginawa a ƙarƙashin taya, tayar gaba ta tafi ba gargaɗi. Yakan kwana biyu ko uku a wurin kafin tayoyin motoci su share shi zuwa gefe, in ba a sake yin wani ruwan ya kawo sabo ba.